Rijiya Ta Bayar

Ƙarfe uku na rana a Oulu, duhu ya riga ya sauka.
Ƙanƙara ta manne wa ƴar tagar ɗakin na'urori,
ni kuwa, Tuulikki Rautio, ina can ƙarƙashin asibiti,
gahawa ta huce a kofi, ban kurɓa ba.

Sabuwar firinta aka kawo wa masu gwajin jini,
fara sol, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba.
Ba ta jin yaren sabar, sabar ba ta jin nata,
sai an zaunar da tafinta a tsakaninsu.
Shi ake kira direba,
ko da yake bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Na ɗauko shi, na miƙa, na latsa.
Allo ya yi jim kamar mai nazari,
sannan ya ce: ba ki da izini.

Ni?
Sunana yana cikin rukunin masu gudanarwa,
na uku daga sama, na duba har sau biyu.
Ni ke buɗe wa sababbin likitoci asusu,
ni ke sabunta wa shugaban sashe kalmar sirri
duk Litinin ɗin da ya manta ta.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Onerva ta bugo waya daga hawa na huɗu:
"Kwalabe goma sha bakwai ke jere a gabana,
kowace da jinin mutum a ciki,
babu wadda ke da suna a jiki.
Da biro zan rubuta?"
Na ce ta ba ni minti goma.
Ta ce, "Haka kika ce ɗazu."

Na fita, na sake shiga.
Na kwantar da mai jera ayyukan bugu, na tashe shi.
Na bi dokokin da hedikwata ta sauko mana da su tun kaka,
layi bayan layi:
direban da ba shi da sa hannu ba ya shiga.
Nawa yana da shi, har da kwanan wata.
Na latsa. Amsar ba ta canza ko wasali ba.

Sai na leƙa shafin da ba a cika leƙawa ba,
inda aka rubuta wa zai buga, wa zai goge,
wa ke da ikon taɓa sabar kanta.
A gurbin mai mallaka babu suna,
sai lambobi zalla, dogaye, da ƴan sanduna a tsakani,
kamar tururuwa sun yi sahu.

Na gane shi.
Jalmari ne.
Shekara ashirin da biyu yana kan kujerar nan.
Da ya yi ritaya muka yanka kek,
washegari da hannuna na goge asusunsa.
Ashe ya tafi da mabuɗi bai san yana aljihunsa ba.
Yanzu haka yana bisa daskararren teku,
ya huda rami, ya zura ƙugiya,
wayarsa a kashe.

Na nemi mallakar ta dawo hannuna.
Allo ya tambaye ni ko na tabbata.
Na daɗe ina kallon lambobin kafin na ce eh.

Direba ya shige ba ko sallama.
Onerva ba ta yi godiya ba,
ta dai kara wayar a jikin firinta
don in ji ƙarar takardu suna fita.

Kafin in tashi na koma gurbin nan.
Sunana ne zaune, sabo fil.
Na cire shi, na sa na rukuni,
don wadda za ta gaji kujerar
kada ta tsaya ƙirga lambobina da tsakar aiki.

Na zubar da gahawar, na ɗora wata.